Ranar Miƙa Makulli

Laccar da aka gabatar ga masu gidajen haya da 'yan haya a unguwar Adarawo, Yola



  

An nemi in yi magana a kan rigimar da ke tashi ranar da ɗan haya ya kwashe kayansa. Duk kun san ta. Mota tana ƙofar gida an loda katifa da tukwane, mutum ya miƙa makulli, sai mai gida ya shiga ya zagaya, ya fito ransa a ɓace: fenti ya mutu, silin ya ɓule, tayil ya fashe, famfon banɗaki ba ya tsayawa, masai ya cika. Ya ce kuɗin ajiyar da aka ba shi tun farko ya tafi a gyara, har da sauran ciko. Ɗan haya ya ce, “Alhaji, ai haka na tarar da shi.” Mai gida ya ce, “Sabo fil na ba ka.” Daga ranar, mutanen da suka yi shekaru suna sallah a sahu ɗaya, matansu suna zuwa wa juna biki da suna, sai su daina ko gaisawa.

Na sha zama a sulhun irin wannan rigima, kuma da wuya a sami wanda ya zo da niyyar ƙarya. Mai gida yana tuna gidansa yadda yake ranar da mai fenti ya sauko daga tsani. Ɗan haya yana tuna tsagar da ya gani a bango tun daren farko, amma ya ji nauyin ya yi magana. Kowa abin da ya sani yake faɗa, sai dai babu takarda, babu hoto, babu shaida. Shi ya sa na yi imani wannan shari'a tun ranar shiga ake cin ta ko a faɗi. Ranar fita sakamako kawai ake zuwa karɓa.

A da, maganar haya ba ta cika damun cikin garin Yola ba. Tun da Modibbo Adama ya kafa garin a 1841, gidajen gado ne, baƙo kuma a zaure ake saukar da shi ba a karɓi ko kwabo ba. A wancan lokacin haya ta fi ƙarfi a Jimeta, inda jiragen ruwa ke tsayawa a bakin Binuwai, fatake da ma'aikatan kamfanoni suna neman makwanci. Da Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, sannan na Adamawa a 1991, ma'aikata suka cika gari, ga ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da sauran makarantu. Sai kuma 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Madagali da Michika, ta shiga Mubi a watan Oktoba, 'yan'uwanmu suka kwararo nan. Wasu sun zauna a sansanonin Malkohi da Damare, amma mafi yawansu cikin unguwanni suka shige, wasu gidan dangi, wasu ɗakin haya. A irin wannan hali wa zai tsaya duba silin kafin ya biya? Murna mutum yake yi ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa. Wannan ɗabi'a ta “karɓi makulli kafin wani ya riga ka” ita ce ta zauna mana har yau.

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi, har a farkon 2024 buhun siminti ya kai naira 10,000, a wasu wurare ya haura. Gyaran da a da mai gida zai yi daga aljihunsa ya yi shiru, yau sai ya cinye masa kaso mai tsoka na hayar shekara. Kada kuma mu ɗauka duk mai gidan haya attajiri ne. Da yawa tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a ɗakuna huɗu ko biyar, da matan da mazajensu suka rasu suka bar musu marayu da gida ɗaya tal, da magada da suke raba hayar a tsakaninsu. Idan irin wannan baiwar Allah da mijinta ya rasu ta shiga ɗakinta ta tarar an fasa bango an bar shi, ɓacin ranta na gaskiya ne, kuma ina tare da ita.

To amma ɓacin rai daban, hukunci daban. Bari in fara da abin da malamanmu suka karantar da mu a zaure.

A mazhabar Malikiyya, wanda ya karɓi abu haya amintacce ne a kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda aka rubuta tun ƙarni na 10 kuma kusan duk almajirin da ke nan ya buɗe ta, ta nuna cewa wanda ya yi hayar kaya suka lalace a hannunsa ba ya biya, kuma maganarsa ake ɗauka sai in ƙaryarsa ta bayyana. Abu biyu ne ke jawo masa biya: ya ƙetare iyakar abin da aka ba shi haya dominsa, ko ya yi sakacin da mai hankali ba zai yi da kayansa ba. Littafin ya kuma nuna cewa idan gida ya rushe kafin wa'adin haya ya cika, sauran hayar ta warware. Wato mai gida ne ma zai mayar da kuɗin watannin da ba a zauna ba. Muhtasar na Shaihu Halil, a ƙarni na 14, ya gangaro har zuwa maganar yashe masai da yaɓen gida, ya halatta a sa su cikin sharaɗin haya tun farko. Ku duba, jama'a, ɗaruruwan shekaru da suka wuce malamai ba su ji kunyar rubuta wa zai kwashe masai ba. Mu ne yau muke jin nauyin faɗa, sai ranar tashi mu yi ta cacar baki a kansa a gaban yara.

Dokar ƙasa ma hanya ɗaya ta bi. Sashe na 131 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya yi da'awa, daidai da ƙa'idar da alƙalanmu suka gada, cewa mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma a rantsar da shi. Kotunan Najeriya sun daɗe a kan cewa wanda ya nemi a biya shi takamaiman kuɗin asara dole ya jera abubuwan ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da kowanne. Saboda haka idan mai gida ya ce “gyara ya ci dubu ɗari biyu”, alƙali zai tambaye shi: wane gyara, wa ya yi, ina rasit, yaya abin yake kafin wannan mutum ya shiga? Jimla a dunƙule ba ta tsayawa a gaban kotu.

Gundarin maganar shi ne rarrabe tsufa da ɓarna. Kuɗin hayar da kake karɓa, mai gida, kuɗin amfani da gidanka ne, amfani kuwa yana cin abu. Wanda ya ba ɗan ga-ruwa hayar kura ba ya cewa a dawo masa da ita bayan shekara da sabuwar taya, amma idan aka bar ta a titi mota ta take ta, yana da magana. Turawan Ingila ma a nan suka tsaya. A shari'ar Warren da Keen ta 1953, alƙali Denning ya bayyana cewa ɗan haya zai riƙe gida riƙon mutumin kirki, ya yi ƙananan ayyukan da kowa ke yi inda yake zaune, kamar buɗe magudanar da ya toshe, amma ba a ɗora masa abin da tsufa da wucewar zamani suka lalata.

Mu kawo abin gida. A Yola, watannin Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Kwano yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, ƙusoshi su yi sako-sako, damina ta zo ta sami hanya. Fenti yana koɗewa, filasta tana tsagewa, robar famfo tana bushewa. Hunturu ya biyo baya da ƙurarsa. Gara tana cin katakon rufi daga ciki, wanda ke kwana a ɗakin bai ma sani ba. A unguwannin da ke kwari, laima tana hawowa daga ƙasa ta kumbura fenti ta zubar da shi. Duk wannan babu hannun ɗan haya a ciki. Haka ambaliya. Mun ga ta 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, mun ga ta 2022, mun kuma ga ta Yulin 2025 da ta afka wa Shagari da Yolde Pate, ta ci rayuka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Mutumin da ruwa ya cinye masa katifa da buhun masara da takardun makarantar 'ya'yansa, a zo a ce masa ya biya katangar da ruwan ya kayar? Wannan zalunci ne, ko da wanda ya yi shi bai san sunansa ke nan ba.

Bari in ba ku wani sulhu da na halarta a Jimeta. Wata malamar firamare ce ta tashi daga ciki da falo bayan ta yi shekaru a ciki. Mai gidan ya riƙe keken ɗinkinta, ya ce sai ta biya fenti da silin da taga da gyaran kicin. Ta zo tana kuka, domin da keken take cike giɓin albashi. Maimakon a ci gaba da musu, sai dattijon da ke jagorantar zaman ya ce a kira birkila, wanda ba na wannan ba, ba na waccan ba. Mutumin ya zo ya durƙusa a gindin bango, ya kankare fenti da bakin makulli. Filastar ta zubo kamar gari, ga wani farin layi na gishiri ya zagaye ɗakin daidai gwiwa. Ya ce, “Baba, wannan daga ƙasa yake, ba a sa leda a fandisho ba.” Ya taka kujera ya leƙa ɓulin silin, ya nuna mana zoben ruwan ƙasa-ƙasa da ya kewaye shi, da hasken rana yana shigowa ta hujin kwano. Mai gida ya yi shiru. Da aka shiga kicin kuwa, sai ita malamar ta sunkuyar da kai, domin bangon ya yi baƙi ƙirin har sama, da itace take girki a ciki alhali an ce mata a waje. Gilashin taga kuma da bakinta ta ce ɗanta ne ya fasa da ƙwallo. Aka yanke ta biya fentin kicin da gilashi, sauran na mai gida ne, aka ɗora mata kekenta a Keke Napep a ranar. Abin da na riƙe daga zaman nan shi ne bango yana ba da shaida idan aka kira wanda ya iya karanta shi, kuma ladan birkilan bai kai kuɗin motar zuwa kotu sau biyu ba.

Riƙe keken nan kuskure ne tun asali. Mai gida ba shi da ikon kama kayan ɗan haya, ko kulle masa ƙofa, ko cire masa rufi, ba tare da umarnin kotu ba, kuma wanda ya yi haka yana iya komawa shi ne mai biyan diyya. Haka nan masu garzayawa ofishin 'yan sanda. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko don rigimar da ba ta laifi ba ce. Musu a kan kuɗin fenti na mai unguwa ne, in ya gagara a tafi kotun yanki ko ta majistare. Sai dai 'yan haya kada ku ɗauki wannan a matsayin lasisi. Wanda ya zare wayar wuta daga bango, ya kwance fanka ko famfon da ya tarar, ko ya fasa abu da gangan don ya huce haushin notis, ya fita daga rigimar haya ya shiga laifin sata ko ɓarna, kuma dokar laifuka ta Final Kod tana jiransa.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata mu daina, ta sabunta gida da kuɗin mai tashi. A ce ƙofar katako ta shekara goma kafin ka shigo, yaronka ya ƙarasa ta. Ka yi ɓarna, babu musu. Amma abin da ke kanka shi ne ƙimar tsohuwar ƙofa a ranar da ta lalace, ko abin da ya ragu daga darajarta. Idan mai gida ya sayo ƙofar ƙarfe ta zamani ya kawo maka rasit ɗin gaba ɗaya, ya ci riba da asararsa, kuma ba fiƙihu ba, ba dokar ƙasa ba, babu wanda ya ba shi wannan. Haka fenti. Gidan da aka zauna shekara biyar dole a yi masa fenti ko da wa ya zauna a ciki, sai fa in an rubuta tun farko cewa ɗan haya zai yi kafin ya fita, ya kuma sa hannu da saninsa.

'Yan'uwana 'yan haya, amanar da shari'a ta ce kuna ɗauke da ita tana da nauyi. Ka ga kwano yana yoyo, ka tara bokiti ka yi shiru damina biyu har silin ya rufto, a nan sakacinka ya shigo, domin da ka faɗa da ƙusa da kwalta sun isa. Ka faɗa, kuma ka faɗa a rubuce, ko da saƙon waya ne. Ka fasa bango don na'urar sanyaya ɗaki ko ka mayar da baranda shago ba da izini ba, naka ne ka mayar yadda yake. Ka tara bashin wutar lantarki ka gudu cikin dare, ka bar wa na bayanka, Allah yana gani. Irinku ne suka sa masu gidaje suka daina yarda da kowa, har mutumin kirki yake biyan laifin da bai yi ba.

Dillalai, ban manta da ku ba. Kun karɓi la'ada ranar shiga, wani lokaci daga ɓangare biyu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku ne kuka ga gidan kafin a shiga, ku ne shaidar farko, amma ranar rigima sai a kira wayarku a ji ta a kashe. Dillalin da ba zai tsaya ranar miƙa makulli ba bai kammala aikin da aka biya shi ba.

Kuɗin ajiya kuwa sunansa yana tare da shi: ajiya ce, mallakar ɗan haya ce har sai an tabbatar da ɓarna. A Ingila, tun daga Afrilun 2007, doka ta tilasta wa mai gida ya yi wa irin wannan kuɗi rajista a wani tsari mai zaman kansa da gwamnati ta amince da shi, in an yi saɓani wani na tsakiya ya duba hujjojin kowa ya raba, sannan dokar 2019 ta taƙaita shi ga hayar mako biyar a mafi yawan gidaje. Legas ma, a dokar haya ta 2011, ta wajabta a ba da rasit na daban a kan kuɗin ajiya, ta ba ɗan haya haƙƙin a yi masa bayani a rubuce na yadda aka kashe shi, ta kuma ware lalacewar yau da kullum daga abin da zai biya. Dokar Legas ba ta aiki a Adamawa, amma babu abin da ya hana mu ɗaukar hikimar mu sa a takardunmu tun kafin majalisar dokokin jiha ta waiwayo mu, kuma ina kira gare ta da ta waiwayo.

Na san abin da ke ran wasunku. Za a ce ai rubutu rashin yarda ne, yaya zan ce wa surukin abokina ya sa hannu? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma mutanen da ta fara sauka a kansu sun fi mu amana. Makwabtanmu Kiristoci da muke zaune gida ɗaya da su, su ma addininsu bai yarda da cin haƙƙin wani ba. Kunyar minti goma a ranar shiga ita ke haifar da gabar shekaru, har ta gangara kan 'ya'ya.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Ranar shiga, mai gida da ɗan haya da dillali su zagaya tare, ɗaki ɗaki. A kunna kowane makunni, a murɗa kowane famfo, a buɗe taga a rufe, a ɗaga kai a dubi silin, a tambayi yaushe aka yashe masai, a rubuta lambar mita da abin da ke kanta. Abin da aka gani a rubuta shi a fallen takarda ɗaya, da Hausa ko Fulfulde ko Turanci, da boko ko ajami, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. A ɗauki bidiyo da waya, ɗan haya ya tura wa mai gida ta WhatsApp nan take don kwanan wata ya zauna a wayoyi biyu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya buɗe wa irin wannan hujja ƙofar kotu idan an cika sharuɗɗansa. A rubuta nawa ne kuɗin ajiya, da kwana nawa za a mayar bayan tashi. Ranar fita a sake zagayen da takardar nan a hannu, da rana, bayan an kwashe kaya, kafin makulli ya canza hannu. Ɗan haya, kada ka bar makulli a hannun yaro ko a ƙarƙashin dutse ka tafi. Mai gida, kada ka kira mai fenti sai wanda ya tashi ya ga abin da kake tuhumarsa da shi.

Ranka ya daɗe mai unguwa, roƙona na ƙarshe gare ka ne da sauran iyayen ƙasa, jauro da lawan da hakimi. A buga wannan takarda fallen ɗaya a ajiye a zaurenka, duk wanda zai ba da haya ko zai karɓa a Adarawo ya zo ya ɗauka, a bar kwafi ɗaya a wurinka. A kuma zaɓi birkila da kafinta da mai gyaran famfo waɗanda unguwa ta yarda da gaskiyarsu, a san ladansu tun yanzu, domin a kira su duk ranar da aka yi saɓani. Malamai, ku taimaka mana da wannan magana a huɗuba da wajen karatu. Wanda kuma yake zaune a gidan haya yau ba tare da takarda ba, kada ya jira ƙarshen shekara. Ya sami mai gidansa cikin makon nan, su zagaya gidan tare, su rubuta abin da suka gani.